Shawara: Ni ake yanka wa haraji, Yaya kuma ya ce mu raba ɗawainiyar Inna daidai

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Kaduna. Albashina naira 150,000 ne a takarda, amma abin da ke shigowa asusuna bai kai 130,000 ba bayan an cire haraji da fansho. Ina da mata da yara uku, gidan haya nake, 400,000 a shekara. Mu uku ne a wurin mahaifiyarmu: Yaya, ni, da ƙanwarmu da ke gidan aure tana ɗan soya awara. Inna ta haura saba'in, tana fama da hawan jini da ciwon suga. Magani da abinci da ɗan abin kashewarta suna cin kusan 90,000 a wata.

Yaya ɗan kasuwa ne, yana lodin masara da wake zuwa Kudu. Ya gina gidansa, bara ma ya sauya mota. Ya ce tunda mu biyu ne maza, kowa ya riƙa kawo 45,000. Da na ce ya yi mini yawa, sai ya ce ai ni ne ɗan gata, wata na mutuwa zan ji alat, shi kuwa yau samu gobe rashi. Raina ya ɓaci na ce masa ni gwamnati ke tatsa duk wata, shi ko sisi ba ya biya. Tun ranar ba mu ƙara magana ba. Ga shi an yi rajistar tallafi a unguwar su Inna ba a sa sunanta ba, alhali akwai masu hali da suka shiga. Matata ta ce in tsaya a kan 20,000, in ya ƙi ya bari. Ina son Inna, amma ji nake ana cutata ta ko'ina. Mene ne adalci a nan?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Inna lafiya, ya saka muku da alheri.

Kowa 45,000 ba adalci ba ne, kuma ba sai an je nesa ba kafin a gane haka. Ka ɗauki alƙalami. Idan aka cire fansho 12,000 da haraji wajen 10,700 daga 150,000, kana tashi da kimanin 127,000. Ka ware kuɗin haya, wato kusan 33,000 a wata, saura 94,000. Ka ba Inna 45,000, saura 49,000. Naira 1,600 ke nan da 'yan kai a rana, ga mutum biyar, a ciki za a ci abinci, a hau mota, a sayi katin wuta, a biya kuɗin makarantar yara. Ba zai yi ba. Wata uku za ka yi kana ƙoƙari, na huɗu ka fara cin bashi, na biyar ka fara kauce wa kiran wayar Inna saboda kunya. Wannan ya fi komai muni.

Ba ku ne kuka fara wannan gardama ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna ta. A mazhabar Malikiyya ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne a kan 'ya'ya masu hali, maza da mata. Da aka zo kan yadda za a raba, Muhtasar na Halil ya kawo zance uku: ko a raba bisa kawuna kowa daidai, ko bisa rabon gado, ko bisa wadatar kowa. Wanda malaman baya suka rinjayar shi ne na ukun, gwargwadon wadata. Ka ga abin da Yaya ke faɗa ba ƙage ba ne, zance ne da ke cikin littafi, amma ba shi aka rinjayar ba. Ina gaya maka wannan ne don ka san ƙafarka a kan ƙasa take, ba don ka tafi gidansa da littafi a hammata ba. Idan aka kai ga buƙatar a faɗe shi, bari limamin unguwarsu ko wani kawunku ya faɗa. Daga bakin ƙane, gaskiya ma raini take zama.

To amma kai ma ka faɗi maganar da ba haka take ba. Cewa Yaya ko sisi ba ya biya, wannan ka zalunce shi. Ka taɓa bin motar hatsi daga Saminaka ko Giwa zuwa Legas? Tun kafin a ɗaga buhun farko an yanki tikitin kasuwa. Ga na ƙungiyar masu lodi, ga na ƙaramar hukuma, ga na masu duba amfanin gona. Motar na hawa titi kuma sai shingaye: wani da riga mai tambari, wani da sanda mai ƙusoshi, kowa da ɗan littafin rasit ɗinsa, wani ma ba rasit, hannu kawai yake miƙowa. Direba na tafe da damin canji a gefen kujera domin wannan kaɗai, kuma duk abin da ya miƙa a kan mai kaya yake komawa. A 1998 aka yi dokar ƙasa da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati ke da ikon karɓa, ta kuma haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Je ka gaya wa mai sanda haka da ƙarfe biyun dare.

Bambancinku shi ne naka yana da suna, yana da lissafi, yana shiga asusun jiha. Nasa kuwa ba ya tambayar ko ya ci riba ko ya faɗi. Ranar da wake ya yi ƙwari a hanya, ko farashi ya karye kafin mota ta isa, tikiti bai ragu da ko kwabo ba. Gaskiya ne doka ta ɗora masa harajin kuɗin shiga kamar yadda ta ɗora maka, kuma da yawa daga cikin 'yan kasuwa irinsa ba sa biya, har da masu samun ninkin albashinka sau goma. Wannan aibi ne na tsari, kuma kana da dalilin jin haushi. Sai dai haushin gwamnati ne ka sauke a kan ɗan'uwanka, shi kuma ya sauke maka haushin masu shinge. Ita Inna da ake faɗan a kanta ba ta ci ko ɗaya daga ciki ba.

Maganarsa ta alat ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Albashi kaɗan ne amma tabbatacce, kasuwa kuwa tana da yawa amma ba ta da alƙawari. Maimakon wannan ya zama abin gori, ku gina rabon a kansa. Ka zauna ka warware 90,000 ɗin nan: nawa ne magani da gwajin suga, nawa ne abinci, nawa ne sauran. Magani ba ya jiran kasuwa, duk wata sai an saya, don haka ya dace da mai albashi. Ka ɗauki wannan, ko abin da za ka iya daga ciki, ina ganin tsakanin 25,000 da 30,000 ba zai karya ka ba. Abinci kuwa sana'ar Yaya ce. Buhun masara da na wake da zai ajiye wa Inna da kaka, a farashin da shi yake saye, ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba a kan ya riƙa zaro tsabar kuɗi duk wata, kuma mutum ya fi jin daɗin a ce shi ke ciyar da uwarsa da a ce ya turo kasonsa. Sauran cefane da abin da ya taso na asibiti ba zato, wannan na mai ƙarfi ne, kuma kowa ya san wane ne mai ƙarfin.

Kada ku manta da ƙanwarku. Kun cire ta daga lissafi don ba ta da kuɗi, amma ina kyautata zaton ita ke raka Inna asibiti, ita ke zaman layi, ita ke lura ko an sha magani. Da haya za ku ɗauka a yi muku wannan da kun san tsadarsa. A faɗe shi a zaman, a gode mata, a riƙa ba ta kuɗin mota.

Uwargida kuwa, 20,000 ɗinta ba rowa ba ce, ita ke riƙe da tukunya ta san abin da ke ciki. Amma kada adadin ya fito daga bakinta zuwa kunnen Yaya. Da zarar an ce matarsa ce ta hana shi, an buɗe wata rigimar da za ta fi wannan daɗewa.

Yanzu ga abin da za ka iya ƙwatowa daga naka ɓangaren. Tun 1 ga Janairun 2026 sabuwar dokar haraji ta fara aiki, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025. A ƙarƙashinta naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin 100, daga nan abin ya riƙa hawa har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. An soke tsohon rangwamen bai-ɗaya da kowa ke samu, aka kawo rangwamen haya: kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar da ka biya a shekara, iyakarsa naira 500,000. Kai da ke biyan 400,000, za a ware maka 80,000 daga kuɗin da ake yi wa haraji, wato ragin 12,000 a shekara. Idan muka ajiye sauran 'yan cire-cire gefe, harajinka zai sauko daga 128,400 zuwa 116,400. A tsohon tsari da kusan 133,700 za ka biya. Ka ga sauƙin da aka yi ta yayatawa, a matakin albashinka, bai taka kara ya karya ba sai an haɗa da na hayar.

Kuma rangwamen hayar ba ya zuwa da kansa, sai ka nema ka kawo shaida. Ka karɓi rasit daga mai gida ko wakilinsa, da takardar yarjejeniyar haya in akwai, ka kai ofishin da ke biyan ku albashi su shigar. Ka kuma riƙa karɓar takardar albashinka ta wata-wata kana dubawa. Malamai da yawa ba su taɓa ganin tasu ba, abin da ya shigo waya kawai suka sani. Idan lissafin bai yi daidai ba, hukumar tara haraji ta jiha ce wurin zuwa, domin harajin albashinka nata ne ba na tarayya ba, sabbin dokokin kuma sun kafa ofishin sauraren koken masu biyan haraji. Naira 12,000 ba za ta sa ka yi arziki ba, amma maganin hawan jini ne na wasu makonni.

Tunda ka tambayi mene ne adalci, bari in faɗi inda nake ganin dokar kanta ta gaza, don wasiƙarka ta taɓo wurare uku da nake jin ya kamata a gyara.

Babbansu shi ne dokar ba ta san kana da uwa ba. Kai mai mata da yara uku da tsohuwa mara lafiya, da abokin aikinka gwauro mai albashi irin naka, haraji ɗaya kuke biya in hayarku ɗaya ce. Tsohuwar doka ta taɓa tanadar rangwamen naira 2,500 ga kowane yaro har huɗu, da 2,000 ga ɗan'uwan da kake riƙo har mutum biyu. An bar adadin a haka shekara da shekaru har ya zama abin dariya, sannan aka share shi. Gyara ya kamata a yi masa, ba sharewa ba. A Ghana mai ɗawainiyar tsohon da ya kai shekara 60 yana da rangwamensa, har tsofaffi biyu. A Nijar ma ana rage harajin albashi gwargwadon yawan iyalin da ke wuyan ma'aikaci. A ƙasar da mafi yawan tsofaffi ba su da fansho, 'ya'yansu ne fanshonsu. Ɗan da ke saya wa uwarsa magani yana yin aikin da ya kamata hukuma ta yi, bai dace a yanki haraji a kan wannan kuɗin kamar na shan shayi ba ne. Na san za a ce mutane za su ƙirƙiro iyayen bogi. Da lambar NIN a hannun mutane da yawa, wannan uzurin ya yi rauni.

Na biyu shi ne ita kanta 800,000 ɗin. Ka raba ta 12, ba ta kai 67,000 a wata ba, ƙasa ma da mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka amince da shi a 2024. Kuma an kafe ta wuri ɗaya, alhali farashi ba ya tsayawa. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a ƙididdigar hukuma. Idan aka ƙara maka albashi don ka kamo farashi, ba ka ƙara arziki ba, amma harajinka ya ƙaru. Mu kuwa mun san wata hanyar tun da daɗewa: nisabin zakka ba a kafe shi da naira ba, da zinariya aka auna shi, dinari 20, shi ya sa ake sanar da sabon adadinsa lokaci-lokaci, yana tafiya da zamani ba tare da an koma majalisa ba. Me zai hana a ɗaure iyakar haraji da mafi ƙarancin albashi ko da ƙididdigar farashi, ta riƙa motsawa da kanta duk shekara? Rangwamen hayar ma yana da nasa gibin. Wanda ke zaune a ɗaki biyu a gidan gado, yana gyaran katanga duk damina, ba shi da rasit ɗin da zai nuna, ya rasa tsohon rangwame bai sami sabo ba.

Na uku na su Yaya ne. A haɗe tikitocin nan barkatai su zama biya ɗaya a shekara, gwargwadon girman kasuwancin mutum, ta banki, da shaidar da in ya nuna ba mai tare shi a hanya. Sannan a nemi na kuɗin shiga a wurin manyansu da gaske. Ɗan kasuwar da aka raba shi da masu sanda zai fi saurin yarda ya biya hukuma. Kuma kada wani ya ce ba a iya soke harajin da ya zame wa talaka ƙaya. Da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka hau mulki a 1979, soke haraji da jangali na cikin abubuwan farko da suka yi. Abin da ya sa talakawa suka tsani harajin wancan lokaci shi ne bisa kai ake yanka shi, mai shanu da mai akuya ɗaya duk kuɗin goro. Irin wannan rabon ne Yaya ya kawo cikin gidanku ba tare da ya lura ba. Har yau ma akwai ragowarsa: naira 50 da ake cirewa idan an tura 10,000 ko fiye, ita ce dai ake cire wa mai tura miliyan goma. Saboda haka in za ka tura wa Inna, ka tura a dunƙule sau ɗaya, kada ka yi ta gutsurawa.

Batun tallafi kuwa, ba zan sa maka rai ba. Tun 2016 gwamnatin tarayya ke da rajistar gidaje mabuƙata, wadda aka fara biyan 5,000 a wata da ita. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 aka sanar da 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15, aka dakatar da shirin a farkon 2024 saboda zargin almundahana, daga baya aka ci gaba da sharaɗin NIN da asusu. Ko da sunan Inna ya shiga, 75,000 ce gaba ɗaya, ba ta kai ɗawainiyarta ta wata guda ba. Matsalar irin wannan rajista ita ce sai wani ya zauna ya zaɓi wane ne talaka, kuma duk inda aka ce mutum ya zaɓa, sanayya ta shigo. Ni na fi gamsuwa da abin da Lesotho ta fara a 2004, Zanzibar ta bi a 2016, Kenya a 2018: tsohon da ya kai shekara 70 a ba shi ɗan abu duk wata saboda shekarunsa. Kuɗin ba yawa, amma ba sai ka san kansila ba. Ko a nan gida an taɓa gwadawa: Ekiti ta fara biyan tsofaffi 5,000 a wata a 2011, Jigawa kuma ta biya naƙasassu 7,000 a zamanin Sule Lamido.

Kafin a kai can, abin da zai fi yi wa Inna amfani shi ne inshorar lafiya. Jihar Kaduna tana da hukumarta, KADCHMA, akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko na tarayya da aka tanada domin marasa ƙarfi, tsofaffi na cikinsu. Ka tabbatar Inna tana da NIN, ka je ofishin hukumar ko asibitin matakin farko na mazaɓarsu ka tambayi yadda ake shigar da tsoho, da kuma nawa ne in ku za ku biya mata na shekara. Ka tambaya takamaimai ko magungunan da take sha suna cikin jerin da ake bayarwa, ka tafi da katinta na asibiti da kwalayen maganin a leda. Idan aka dace, 90,000 ɗin da kuke faɗa a kai za ta ragu tun kafin a raba.

Saura zuwa wurin Yaya, kuma kai za ka je, don kai ne ƙarami kuma kai ka yi maganar da ta fi zafi. Kada ka yi ta waya, kada ka yi a gaban matansa ko taka. Ka same shi bayan sallar isha'i, ka ce Yaya na yi kuskure da na ce ba ka biyan komai, na san abin da hanya ke ci. Daga nan ka miƙa masa takardar albashinka ya gani da idonsa. 'Yan kasuwa da yawa suna jin an ce albashi sai su ɗauka wani tudu ne, bai taɓa zama ya ga 127,000 ana cire mata haya ba. Kai kuma kada ka nemi ya buɗe maka littafin kasuwarsa, ba zai yi ba, kuma ba ka buƙata. Ka ce masa ga abin da zan iya ɗauka duk wata ba fashi, ga abin da nake roƙon ka ɗauka. Idan ya ƙi, sai a kira kawu. Maganin wannan watan kuwa ka saya ka kai tun kafin ku zauna, kuma ko da wasa kada Inna ta ji cewa an yi ciniki a kan abincinta.